Daga Shamuwa Zuwa Ma'aunin Ruwa: Tarihin Sanin Yanayi a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalmar "yanayi" tana daga cikin kalmomin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsu a Hausar zamani. Da ita ake faɗin yadda gari ya wayi yau, da ita ake bayyana yadda damina da rani suka saba zuwar wa wata ƙasa shekara da shekaru, da ita kuma ɗan jarida yake ba da labarin tsaro ko siyasa. Wanda ya tsaya ga wannan kalma kaɗai zai iya zaton Bahaushe bai rarrabe al'amuran sararin sama ba sai da Bature ya zo masa da ma'auni. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka san zafi da iska da laima da gajimare da ruwan sama a ƙasar Hausa, tun daga sanin manomi, zuwa lissafin malamai, zuwa awon da aka fara a zamanin mulkin mallaka. Abin da ya sa batun ya shafi masana harshe shi ne, rubutaccen awon ruwan sama a Kano bai fara ba sai a 1905. Mafi yawan abin da ya gabaci wannan shekara yana ajiye ne a cikin kalmomi da karin magana da sunayen da mutane suka laƙaba wa shekarun wahala.

2.0 Iskoki Biyu

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a faɗi abin da yake juya shekarar gaba ɗaya. Iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a kan Afirka ta Yamma. Ɗaya tana tasowa daga Hamadar Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ce, mai ƙura. Ɗayar tana tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Inda suka haɗu akwai wata iyaka wadda ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu takan sauka har kusa da gaɓar teku, a watan Agusta kuwa takan haura har wajen digiri 20 arewa da tsakiyar duniya, wato can arewa da Agadas. Duk garin da yake arewa da wannan iyaka yana cikin rani. Wanda yake kudu da ita ya shiga hannun iskar teku.

Sai dai isowar iskar teku ba ita ce isowar ruwa ba. A bakin iyakar, iskar mai laima siririya ce, kwance take a ƙarƙashin busasshiyar iskar hamada, saboda haka gajimare ba ya samun damar yin tsawo. Sai an yi ɗaruruwan kilomitoci kudu da iyakar sannan laimar take yin kaurin da za ta haifar da hadari. Wannan tazara ita ce Bahaushe yake sha a jikinsa a ƙarshen bazara: iska ta juya, gumi ya yawaita, dare ya gagari barci a ɗaki, hadari ya haɗu ya watse, amma ruwa shiru har tsawon makonni. Hamilton da Archbold sun tsara wannan bayani a wata maƙala ta 1945 a kan yanayin Nijeriya da maƙwabtanta, inda suka kasa ƙasar zuwa shiyyoyi gwargwadon nisansu da iyakar. Haka kuma tsarin yake bayyana dalilin da ya sa a watan Agusta, lokacin da Kano da Katsina suke tsakiyar marka, Legas da Ibadan suke samun ɗan tsagaitawar ruwa, domin ƙarfin hadarin ya yi arewa ya bar su.

Akwai wani misali da yake nuna aikin gajimare da laima ƙarara. Rana tana bi daidai ta saman Kano sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta. A Afrilu zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, a Agusta kuwa da ƙyar yake wuce 30. Ranar ɗaya ce, tsayuwarta ɗaya. Bambancin shi ne a Agusta gajimare ya tare wani kaso na haskenta, sauran kuma ya tafi wajen busar da jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganye. Da ruwa ya ɗauke, gajimare ya yaye, sai zafi ya sake dawowa na ɗan lokaci a watan Oktoba. Hausa tana da suna na musamman domin wannan zafi na biyu, wato agazari ko agajeri.

3.0 Sanin Manomi

Littattafan makaranta sun saba kasa shekarar Bahaushe gida huɗu: bazara, damina, kaka, da rani ko ɗari. Wannan rabo yana da amfani ga ɗalibi, amma ya fi bakin manomi talauci. A cikin damina kaɗai akwai faɗuwarta, akwai lokacin da ta kankama, akwai marka, sa'ad da gari yake yin lumshi a wuni ana yayyafi rana ba ta fito ba, sannan akwai ɗaukewar ruwa. A cikin rani akwai hunturu da jaura, akwai hazo, wanda a Sakkwatanci ake ce wa buda. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara irin waɗannan kalmomi da yawa tare da nuna karin harshen da suka fito, kuma duk mai son ya gane yawan abin da Hausar birni ta zubar sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga nawa ne ɗansa ya sani.

Babban abin da manomi ya sani game da hadari shi ne daga gabas yake tasowa. Wannan yana iya zama abin mamaki ga wanda aka gaya wa cewa laimar daga kudu maso yamma take zuwa, amma maganganun biyu duk gaskiya ne. Iskar teku ita take kawo laimar a ƙasa-ƙasa, amma a sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce take kora jerin gizagizan da suka yi tsawo. Shi ya sa ake fara ganin gabas ta yi baƙi, sai iska mai sanyi da ƙura ta riga ruwan isowa, sannan a kece kamar da bakin ƙwarya. Magina sun san haka tun da daɗewa, domin bangon gabas ne yake fara zaizayewa, shi ake fi ba yaɓe. Ita wannan ƙura da take gabatar ruwa, wani lokaci kuma ta zo ita kaɗai ba ɗigo ko ɗaya, ita ce ta shiga karin maganar nan, "hadarin ƙasa maganin mai kabido". A nan ya dace a tuna wa masu buga littattafai cewa hadari da haɗari kalmomi biyu ne, ƙugiya ɗaya ce tsakaninsu, ko da yake sau da yawa na farkon yakan zo da na biyun.

Manomi yana karanta alamu a jikin tsuntsu da itace. Shamuwa tana isowa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a cikin gari, kuma ba a taɓa ta. Tsuntsuwa ce mai ƙaura, takan yi rani a kudancin Afirka, ta biyo ruwa zuwa arewa domin fara da ƙwari da yake fito da su, saboda haka ganinta shaida ce cewa iskar teku ta matso. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, abin da ya sa ake barinsa a tsakiyar gona, tun da ba ya tare wa shuka rana. Akwai kuma bayanin da ya fi kusa da tatsuniya, kamar cewa bakan gizo yana shanye ruwa, har ana kiransa masharuwa. Ko wannan ma bai rasa lura a cikinsa ba: bakan gizo ba ya fitowa sai rana ta sami kafa ta haska ɗigon ruwa, wato sa'ad da gajimare ya fara yagewa.

Amma inda sanin manomi ya fi zurfi shi ne wajen bambanta ruwan farko da ruwan shuka. Ba kowane ruwa ake fita da iri a kansa ba. Akan tona ƙasa a ga iyakar inda laima ta kai. Wanda ya yi gaggawa, ruwa ya ɗauke masa mako biyu ko uku, shukarsa ta yi yaushi ta ƙone, ya yi asarar iri. Wanda ya yi nawa kuma, damina ta ƙare masa dawa ba ta nuna ba. Tsakanin waɗannan hasara biyu aka ƙago dabaru: binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwa, haɗa gero mai saurin nuna da dawa da wake a gona ɗaya, riƙe gonar tudu tare da ta fadama. Kowace daga cikinsu amsa ce ga tambaya ɗaya, wadda ta fi tambayar yawan ruwa muhimmanci: yaushe zai zo, kuma kwana nawa zai yi tsakaninsa da na gaba?

Kalmar iska ita kanta tana ɗauke da tsohon tunani, domin da ita ake kiran abin da ake shaƙa, da abin da yake kaɗawa, da kuma halittun ɓoye, iskoki. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya nuna Barbushe yana fitowa daga wurin Tsumburbura ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekara mai zuwa. Bikin buɗin daji da ake yi a yankunan Maraɗi da Ƙonni shi ma ya ƙunshi faɗin yadda damina za ta kasance. Hasashen shekara ke nan tsohuwar buƙata ce, masu yinsa ne kawai suke sauyawa.

4.0 Lissafin Malamai

Musulunci ya zo da kalandar wata, wadda shekararta take gaza ta rana da kusan kwana 11. Wannan ya dace da ibada amma bai dace da noma ba, domin watan azumin da ya faɗo da marka zai dawo cikin hunturu bayan wasu shekaru. Malamai sun cike wannan giɓi da lissafin taurari da suka samo daga littattafan Larabawa ta hanyar Magariba. Ana kasa shekara zuwa masaukai 28, kowane yana da kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimla 365. Kowane lokaci na shekara yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. A cikin na bazara akwai Surayya, wadda Bahaushe ya riga ya sani da sunan Kaza da 'Ya'yanta. An sanya wannan lissafi cikin waƙoƙin ajami domin sauƙin hadda, kuma Hiskett ya yi nazarinsu a wata maƙala ta 1967.

Abin lura shi ne tsarin ba a ƙasar Hausa aka haife shi ba. A Hijaz da Magariba ruwa da sanyi yake zuwa, saboda haka taurarin da suke alamar tsananin zafi a can su ne suka zama na marka a nan. Malaman ƙasar Hausa sun riƙe sunayen da adadin kwanakin, suka sake musu ma'ana daidai da gonar gero. A ganina wannan shi ne aikin daidaita ilimin waje da harshen gida mafi nasara da aka taɓa yi a wannan fanni, domin sunayen sun fita daga zauren malam sun shiga bakin talaka, har wanda bai yi karatu ba yakan tambaya wane tauraro ake ciki kafin ya yanke shawarar sake shuka. Lissafin bai iya faɗin ko ruwa zai zo ba. Amfaninsa shi ne ya gaya wa mutum nawa ya rage masa na damina. Idan kuwa ruwan ya ƙi, sai a fita bayan gari sallar roƙon ruwa.

5.0 Zuwan Ma'auni

Turawan farko da suka ratsa ƙasar sun zo da ma'aunin zafi a cikin kayansu. Clapperton, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Kano a ƙarshen Disamba 1823, ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin mazubansu ya yi ƙanƙara a sama-sama. Abokin tafiyarsa Dokta Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu kusa da Katagum a Janairu 1824. Ko mai karatu ya yi shakkar ƙanƙarar, dalilin sanyin a fili yake: idan iska ta bushe kuma babu gajimare, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere sama da dare babu abin da zai tare shi. Barth, wanda ya shiga Kano a Fabrairu 1851, ya haɗa jadawalin zafi da ranakun ruwa a ƙarshen littattafansa. Amma awon matafiyi na kwana kaɗan ne a kowane zango, ba ya nuna halin wuri.

Awo na dindindin ya biyo bayan cin ƙasar da yaƙi. An ci Kano da Sakkwato a 1903, aka fara rubuta ruwan Kano a 1905, shekarar da Faransawa su ma suka fara a Damagaram da Yamai. Da farko aikin na likitoci ne da ma'aikatan mulki, daga baya sashen gona, musamman tashar Samaru, ya karɓi nasa rabo saboda auduga da gyaɗa. Abin da ya mai da lura da iska da hazo aikin kowace sa'a shi ne jirgin sama. Jirage sun fara sauka Kano a 1925, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma Kano da Maiduguri suka zama zangon jiragen yaƙi da ake kaiwa Masar daga Takoradi. Matuƙi yana bukatar ya san ko zai ga filin sauka. Daga nan aka fara bin sawun ƙurar hunturu, aka gane cewa mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen gindin wani tsohon tafki. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso Kano. Iskar da take ɗauke da ita ta kai har teku, shi ya sa kowace al'umma take da sunanta: Yarbawa suna cewa ọyẹ́, Ibo suna cewa ụgụrụ, kalmar harmattan da Turawa suke amfani da ita kuwa daga harshen Akan na Gana suka aro ta.

Ma'auni ya kawo abin da babu shi a da, wato damar kwatanta bana da shekara talatin da suka wuce ba tare da dogaro da tunanin tsofaffi ba. Ya kuma bayyana wasu alaƙoƙi, kamar ta sanƙarau da bushewar iska. Cutar takan ɓarke idan laimar iska ta ragu ƙwarai ga ƙura ga zafi, ta lafa da saukar ruwa. Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da take addaba a 1963, kuma annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Amma ma'aunin ya zo da nasa makanta. Rahoton shekara yakan ba da jimlar inci kaza, alhali shekaru biyu masu jimla ɗaya na iya zama ɗaya ta cika rumbu ɗaya ta bar shi wayam.

6.0 Sunayen Yunwa

A rubutun boko kalmomi huɗu suna da sura ɗaya: fari na launi, fari na farawa, fari na rashin ruwa, da fari jam'in fara. Tsawon wasali da karin sauti ne suke raba su. Biyu na ƙarshe sun sha haɗuwa a gona ɗaya.

Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya tara gero da dawa saboda yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta cim masa. Ana tuna Banga-banga ta 1855. Wadda ta fi zama a zukata ita ce Kakalaba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manoma da yawa suka ba gyaɗa filin da a da na hatsi ne, ga kuma haraji da ake nema da kuɗi. Sai daminar 1913 ta gaza ƙwarai. Kafin kakar 1914 mutane sun mutu da yawa, wasu kuma sun kwararo daga ƙasar Faransa ta arewa suna neman abinci a inda babu. Watts, a littafinsa na 1983, ya kafa hujja da wannan da makamantansa cewa fari daga sama yake zuwa, amma ko zai zama yunwa ko ba zai zama ba, wannan ya danganta ga abin da aka bar wa talaka a rumbunsa.

Sunayen da suka biyo baya suna goyon bayan wannan fahimta. 'Yar Buhu ta 1927 ana danganta sunanta da hatsin da aka riƙa kawowa cikin buhuna. 'Yar Gusau ta 1942 ta sami suna daga garin da aka riƙa nufa neman hatsi, a lokacin da gwamnatin mulkin mallaka take karɓar abinci domin soja da leburorin haƙar kuza a Jos. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye biyu da ya ambaci rana ko gajimare. Abin da jama'a suka riƙe shi ne inda abinci ya fito da irin wuyar da aka sha kafin a same shi. Muda ta 1953 zuwa 1954 kuwa ta zo ne bayan ruwa ya yi yawa ya lalata amfanin gona, a tsakiyar shekarun da jadawalin awo yake nunawa a matsayin mafi albarka a ƙarnin. Mai nazarin da ya dubi jimlar milimita kaɗai ba zai taɓa zaton an yi yunwa a wannan shekara ba.

7.0 Farin 1972 Zuwa 1984 da Gardamar Dalilinsa

Bayan yalwar shekarun 1950, ruwa ya fara ja da baya daga 1968. A 1973 Kano ta sami kusan rabin abin da ta saba samu. Dabbobi sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, cin rani ya tashi daga al'adar samari ya zama hanyar tsira ga gidaje sukutum. Mortimore ya bi rayuwar ƙauyen Dagaceri cikin waɗannan shekaru, ya nuna a littafinsa na 1989 yadda mutane suka riƙa sauya iri da sana'a da wurin zama. Farin ya sake dawowa a 1983 da 1984. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, ya bar babban aikin noman rani da aka gina a kudancinsa ba ruwa. A wannan zamani ne ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 domin lura da ruwa da amfanin gona.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, laifin wa? Tun a 1935 wani masanin daji, Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana cin arewacin Nijeriya saboda sara da kiwo da ƙona daji. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937 ba ta ga abin da ya faɗa ba, amma zancen bai mutu ba. A 1975 Charney ya ba shi sabuwar riga: idan dabbobi suka cinye ciyawa, farar ƙasa takan mai da hasken rana sama, iska ta daina tashi, gajimare ya ragu. Wannan ra'ayi ya ɗora nauyin farin a wuyan makiyayi da manomi. Daga baya ne nazarin Folland da abokansa a 1986, da na Giannini da abokan aikinta a 2003, suka nuna cewa babban dalilin yana cikin teku. Idan ruwan tekunan kudu ya fi na arewacin Atilantika ɗumi, iskar da take kawo laima ba ta samun ƙarfin kutsawa arewa. Wasu nazarce-nazarcen sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun a waɗannan shekaru. Manomin Ɗanbatta ya sha zargi shekara da shekaru a kan abin da aka ƙulla dubban kilomitoci nesa da gonarsa. Ba a ce sare itace ba ya ɓata ƙasa ba, yana ɓatawa, kuma manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma rainon gawo a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980 sun ga amfanin hakan.

8.0 Hasashe da Harshen da Ake Yin sa

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wata sura dabam. Wani nazari da Taylor da abokansa suka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma sun danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Ruwan wata guda yana iya sauka a dare ɗaya, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. Ɓallewar madatsar Bagauda a Agusta 1988, da ambaliyar 2012 da ta 2022, da ɓallewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumba 2024, sun sa kalmar ambaliya ta zauna kusa da kalmar fari a bakin mutane.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: ranar faɗuwa, ranar ɗaukewa, da inda ake tsoron tsagaitawar ruwa a tsakani. Abin sha'awa shi ne yadda masana suka ayyana faɗuwar damina. Ƙa'idar da Sivakumar ya tsara a Nijar a 1988 ta ce sai an sami milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Wannan shi ne ruwan shuka da manomi yake nufi, an dai sa masa lamba.

Matsalar tana wajen fassara. Idan mai karanta labarai ya ce "damina za ta fara" ranar kaza, mai sauraro a ƙauye ba zai san ko ruwan farko ake nufi ko ruwan shuka ba, kuma buhun iri ne yake tsakanin ma'anonin biyu. Idan aka ce "za a sami ƙarancin ruwa", ba a bambanta shekarar da jimlarta za ta gaza da wadda za a yi fari na mako uku bayan an yi noman farko ba. Haka abin yake ga laimar da take cikin iska. Wasu masu fassara suna cewa danshi, wasu laima, wasu raɓa, alhali a bakin manomi danshi da laima sun fi zama na ƙasa da bango da tufa, raɓa kuwa ita ce wadda take kwanta a kan ganye da asuba, wadda ake cewa da ita wake yake ƙarasa nuna bayan ruwa ya ɗauke. Kwamitocin ƙirƙirar kalmomi sun fi mai da hankali ga nemo wa kowace kalmar Ingilishi abokiyar zama, ɗaya bisa ɗaya. A wannan fanni aikin ya kamata ya fara ne daga ɗaya ɓangaren: a je Gumel da Illela da Daura da Tasawa da rikoda, a tambayi waɗanda suka ga 1973 da idonsu yadda suke kiran kowane irin ruwa da kowace irin iska, a rubuta da tsawon wasali da karin sauti, sannan a zauna da masu awo a ga wace kalma ce ta dace da wace lamba. Mafi ƙanƙantar waɗanda suka riƙe fartanya a waccan shekara sun haura sittin yanzu.